Gauraki a Ɗakin Kwano

Ranar da aka kama gauraki a gidanmu na Fagge, ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ita kam ba za ta fita ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu ba su da yawa, kuma yau kusan duk sun riga ni kwanciya. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, mai kayan. Akwai matarsa da goyo a bayanta. Akwai wan mijina, wanda muke ce wa Alhaji Babba, shi ke riƙe da gidan tun da maigidana ya rasu. Sai baƙi uku: wani dattijo ma'aikacin gandun daji mai furfura a gemu, da wani matashi abokin aikinsa, da ɗan sanda guda. Mai unguwa ya zo daga baya, bayan komai ya riga ya lalace, kamar dai yadda ya saba.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya shigo gari, mutane suka zama kamar sun sha wani abu. Wanda jiya kake gani yana dako a Kantin Kwari, yau ya wuce ka a kan babur yana danna maka hon. Ko'ina siminti, ko'ina kwanon rufi, kowane zaure rediyo na surutu. To, in mutum ya gama ginin bene ya shafa fenti, sai ya ga tsakar gidan ya yi masa fili, sai ya ce a samo masa gauraki su riƙa yawo suna yi masa ado. Ban da alhazan gari, akwai wani mutum a Sabon Gari, a wani lungu bayan otal, da ke saye da yawa. Yana zuba su a akwatunan katako, a sa a jirgin sama zuwa ƙasar Turawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Zancensa kawai nake ji a zaure, ana yi da ladabi kamar zancen wani babban malami.

Ni kuwa gauraka ba baƙona ba ne. A ƙauyen fadama aka haife ni, can hanyar jirgin ƙasa na Nguru. Muna yara, kukansu ne ke tashin mu da asuba tun kafin ladan. In ruwa ya janye sai ka gan su birjik a bakin tafki, dogayen ƙafafu, kumatu fari da ja, ga tukku a ka kamar an saƙa da zaren zinariya. Namiji da mace sai su yi ta tsalle suna buɗe fukafukai suna yi wa juna rawa. A garinmu ba a cin su, ba a jifan su. Kakata takan kore mu daga bakin tafki, ta ce tsuntsun da ke zama da abokinsa guda har mutuwa ba abin wasan yara ba ne. Da aka kawo ni Kano aure, cikin abubuwan da na yi kewa har da wannan kukan.

Sai ga shi ɗan cikina ne ya dawo mini da su har tsakar gida, amma a cikin buhu.

Da kifi banda ya fara. Yakan bi jirgi ya saro kwanduna ya kawo kasuwar Sabon Gari. Daga nan wani ya nuna masa cewa gauraka guda ya fi kwandon kifi nesa ba kusa ba. Yadda suke yi, masu tarko a fadama za su kama, su datse ƙarshen fiffike ɗaya don kada ya ƙara tashi har abada. Su naɗe ƙafafun, su ɗaure bakin da ƙyalle don kada ya yi kuka, sannan a sa kowanne a buhun algarara a jera a ƙarƙashin kwandunan kifi. Warin banda ya rufe komai. Jirgi na tafiya cikin sanyi, ana isowa a yi maza a kwance su a ba su ruwa. Duk dabarar ke nan: a yi maza.

Yanzu sai ku ce, ke uwarsa, me ya hana ki tsawata masa? Yaran yanzu ba za su gane ba. Ɗan fari ne. A tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ya yi gemu ya dawo gabana. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. "Wancan" nake cewa, ko "mijin yarinyar nan". In ina da magana da shi sai in gaya wa matarsa, ko da yana tsaye a gabana. Kuma an san ni a unguwa da riƙon al'ada. Mata kan kawo 'ya'yansu su ce su koyi kara a wurina.

Da rediyo ta fara faɗin cewa gwamnati ta hana kama damisa da kada da jimina da gauraka sai da takarda, wanda aka kama kuma sai gidan yari, ina tankaɗe a tsakar gida, shi yana wanke babur ɗinsa. Na ce da matarsa, "Ki gaya wa mijinki ya buɗe kunne ya ji abin da akwatin nan ke faɗa."

Ya yi dariya, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ki gaya wa Inna, su masu hanawar, a gidajen manyansu nake sauke kaya."

Na ce, "Ki gaya masa manyan ba su kwana a bayan kanta."

Ya ce, "Ki gaya mata kwanon da ke kanta da fiffiken gauraka aka saya."

Yarinyar ta tsaya tsakaninmu, ta kalli wannan ta kalli wancan, ta ce, "Ni dai ai kun ji juna, ku bar ni in yi wankina." Aka yi dariya, magana ta bi iska. Iyakar faɗan da na taɓa yi masa ke nan a kan sana'ar.

Zancen kwano kuwa gaskiya ya faɗa. Ɗakina a da rufin azara ne da ƙasa, duk yadda bazara ta kai, in ka shiga kamar ka shiga randa. Da ya samu kuɗi sai ya sa aka kwashe rufin aka buga mini kwano sabo fil mai walƙiya, wai kada a ce uwarsa na kwana ƙarƙashin ƙasa tun tana da rai. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Ban gaya wa kowa ba cewa tun daga ranar ban sake iya barcin rana a ɗakin ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ba ya iya tsayawa a kan katanga. Jirgi ya makara, bai iso ba sai da hantsi ya yi sosai. Ashe ma'aikatan gandun daji suna tasha tun safe, wani ya tsegunta musu. Ɗana kuma da ya hango kaki, sai ya sa aka loda kayan a amalanke aka biyo ta lunguna, maimakon Sabon Gari ya yo gida. Sai gani na yi ya faɗo tsakar gida gumi na zuba, yana jan buhuna bibbiyu. Sun fi ashirin. Bai yi sallama ba, bai tambaye ni ba, ya ɗaga labulen ɗakina ya jibge su a ƙasa, wasu ya tura ƙarƙashin gado. Ya rufe taga, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo. Makullin kuwa yana ɗaure a haɓar zanina, ya kuma sani.

Wannan karon bai bi ta kan matarsa ba. Ya ce, "Inna, yanzun nan za su wuce. Kada a buɗe. Don girman Allah kada a buɗe. In suka ji kuka ɗaya, na tafi."

Ban amsa ba. Ba a amsa wa ɗan fari.

Madafarmu a jikin bangon zaure take, akwai wata 'yar kafa ta hayaƙi a sama, duk abin da maza ke faɗa ina ji. Ban daɗe da shiga ba na ji sallamarsu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Sannan dattijon ya ce, "Alhaji, wasu kaya muka biyo daga tasha. Sawun amalanke a ƙofar nan ya tsaya."

Alhaji Babba ya ce, "Kifi ne, ranka ya daɗe. Ga kwandunan nan, a zazzage a gani."

Aka zazzage. Kifi.

Matashin ya ce, "To sai mu duba ciki."

Alhaji ya ce, "Ciki ina? Kai yaro, ɗan wane gari ne? Gidan nan ba shiga. Matan aure ne a ciki."

Dattijon ya ce da abokin aikinsa, "Bari. Alhaji ya fi ka gaskiya. Ba mu da takardar shiga, ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba. Ba mu zo keta mutuncin kowa ba. Ku tashi mu tafi."

Wallahi na ji ƙarar takalmansu sun miƙe. Har na kai hannu haɓar zani na kama makulli. Da sun fita a lokacin, da labarin nan babu shi.

Amma Alhaji Babba mutum ne da ba ya son a ce ya ji tsoro. Ya ga ya yi nasara, sai ya so ya ƙara mata armashi. Na ji ya ɗaga murya ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Manyan gwamnati su zo ƙofar gidana da rana tsaka, su tafi ba su sa komai a baki ba? Me za a ce da ni a Fagge? Wallahi tallahi sai kun ci abinci!"

Irin tayin nan ne da kowa ya sani, a ce maka "alhamdu lillahi, mun gode" a wuce. Shi ma abin da ya zata ke nan. Can dattijon ya ce, a hankali, "To, Alhaji, tunda har ka rantse, ai ba ma ja maka kaffara ba."

Na ji an sake baza tabarma.

Kuma tunda an ce manya ne, ba a miƙa musu ɗumamen tuwo. Alhaji ya aiko a dafa shinkafa, a yanka kaji biyu. Kowace mace ta san abin da wannan ke nufi: a kama kaza, a yanka, a fige, a tsince tsakuwar shinkafa, a jajjaga kayan miya, a jira itace ya kama. Ban taɓa girki da sauri irin na ranar ba, ban kuma taɓa ganin tukunyar da ta ƙi tafasa irin ta ranar ba.

Rana ta zo daidai kan kwanon ɗakina. Ina jin kwanon yana ƙas, ƙas, kamar yadda yake yi in ya gasu. Sai motsi ya fara a ciki. Buhuna na birgima, ƙafafu na dukan ƙasa, wani na bugun ƙafar gadon ƙarfe. Matar ɗana ta zaro ido. Ba wanda ya gaya mata, ta jawo turmi ƙofar ɗakin ta fara daka, turmin kuwa ba komai a ciki, don dai ƙarar taɓarya ta danne wancan. Goyonta na kuka a baya, ita tana daka iska.

Ana cikin haka na ji dattijon ya ɗaga murya fiye da yadda hira ke buƙata. Ya ce, "Kai, zafin yau! Alhaji, ko akuya aka kulle a ɗakin kwano yau, ba ta kai la'asar."

Alhaji ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ai sai dai Allah ya kawo damina lafiya."

A nan na gane ya sani. Tun da ya zauna ya sani. Ba da Alhaji yake ba, da mu yake, mu na bayan bango. Jira yake wani a cikinmu ya gaza. Alhaji kuma jira yake baƙi su ci su tafi. Maza biyu masu furfura, kowanne ya zauna a kan ladabinsa yana miƙa wa ɗan'uwansa goro, rayuka na dahuwa a bayansu.

Aka kira azahar. Na ce to, ko sa tafi masallaci. Ina! Nan zaure suka yi, kuma ba tare ba. Biyu na salla, ɗaya na zaune bakin ƙofa.

Da abinci ya sauka, ɗana ya shigo ɗauka. Idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe. Na ce da matarsa, "Ki gaya wa mijinki motsi ya ragu a ɗakin nan."

Ya ce, "Ki ce ta ƙara haƙuri. Suna ci za su tafi."

Na ce, "Ki gaya masa kaza ma in zafi ya yi, baki take buɗewa ta yi haki. Waɗannan bakinsu a ɗaure yake. Ki gaya masa rai ne a ciki."

Ya tsaya da tiren a hannu. Ya juyo ya dube ni, ni kaina, ba matarsa ba. Ya ce, "Inna, ni ma rai ne."

Ya fita.

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji har yau. Na koma na zauna a kan kujerar tsuguno ina kallon ƙofar. Ina jin cokula na ƙara a zaure, dattijon na ba da labarin wani daji da ya yi aiki, yana ja, yana ƙara ja. Ya yaba miya. Ya nemi ƙarin ruwa. Can sai na lura matar ɗana ta ajiye taɓarya. Ba gajiya ta yi ba. Babu sauran abin da za a danne.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwance makulli. Yarinyar ta sha gabana ta riƙe mini hannu, tana magana ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba. Ta ce, "Inna, don Allah. Don darajar wannan da ke bayana. Za su tafi da shi."

Na ce, "Sake ni."

Ta ce, "Tsuntsaye ne fa, Inna. Shi kuwa ɗanki ne."

Na ce, "Na san wanda na haifa. Sake ni."

Ina buɗe ƙofar, wani hucin ya daki fuskata kamar na leƙa tanderun gurasa. Ga wari. Na riƙa jawo buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwar rumfa. Na farko da na kwance, wuyan ya zubo a hannuna kamar igiya. Tukkun nan na zinariya ya jiƙe ya manne. Na biyu haka. Na uku haka. Na daina dubawa, ina dai kwancewa ina jerawa. Cikin dukkansu, uku kaɗai na tarar da sauran numfashi, waɗanda suka dace da sanyin ƙasa a ƙarƙashin gado.

Na ɗebo ruwan randa na yayyafa musu. Amma ba sa iya sha, ba sa iya haki, ƙyallen na nan a baki. Na san abin da zai biyo baya in na kwance. A fadama na girma, ba wanda zai gaya mini. Na sa haƙori na tsinke ƙullin.

Biyu suka kwanta suna haki. Na ukun, wani babban namiji, ya sha ruwa, ya yi ta rawar jiki, sannan ya dafa ya miƙe a kan dogayen ƙafafunsa yana tangaɗi. Ya bi layin gawarwakin nan yana dubawa. Ya tsaya a kan guda, ya taɓa ta da baki, ya sake taɓawa. Sai ya ɗaga wuya sama ya saki kuka.

Kukan da na yi shekaru ina kewa ke nan. Ya cika gidan, ya haura katanga, na tabbata har bakin titi an ji.

Cokula suka tsaya a zaure.

Dattijon ya ce, "Alhaji, sai a yi mana iso. Mata su shiga ɗaki."

Matar ɗana ta ruga ɗakinta. Ni ban motsa ba, na tsufa da ɓuya. Suka shigo. Matashin da ya ga abin da ke shimfiɗe a rumfa sai ya juya ya dafa bango. Dattijon ya cire hularsa, ya yi salati, ya tsuguna yana shafa fiffiken guda.

Na ce masa, "Kai ma tun hantsi ka sani."

Ya ce, "Na sani, Iya. Doka ba ta ba ni ikon shiga ba."

Na ce, "Amma ta ba ka ikon cin shinkafa."

Har ga Allah ban ga mugunta a fuskarsa ba, na ga mutumin da ya gaji. Na tambaye shi ko za a mayar da ukun nan fadama. Ya ɗaga fiffiken ɗaya ya nuna mini inda aka datse. Ya ce, "Waɗannan sun gama tashi, Iya. In an sake su, dila zai cinye kafin gari ya waye. Sai dai a kai su inda ake ajiye namun daji, a bayan waya."

Ɗan sanda ya sa wa ɗana ankwa a nan tsakar gida, a gaban madafa. Zuwa lokacin maƙwabta sun cika zaure, mata na leƙe ta kan katanga, mai unguwa ya iso yana tambayar me ya faru. Alhaji Babba ya zauna a kan turmi. Da za a fita da shi, ɗana ya tsaya. Ya dubi ƙyallayen da ke hannuna. Ya ce, "Inna, ke kika kwance?"

Duk unguwa na kallo. Akwai magana a bakina, wadda za ta cika kwando. Ina so in ce masa na jira iyakar jirana. Ina so in bi ɗan sandan nan in riƙe ƙafarsa. Amma ɗan fari ne, ga maza tsaye. Na kawar da kai na dubi bango.

Ya ce, "Shi ke nan." Aka fita da shi.

Aka kwashe matattun da masu ran duka aka zuba a bayan motar gandun daji. Namijin nan bai daina kuka ba har motar ta sha kwana. Da yamma matan unguwa suka shigo jaje, wata ta ce, "Kai, kun ga kara! Aka tafi da ɗanta ko gezau ba ta yi ba." Suka yi ta yabo. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Alƙali ya ɗaure shi wasu watanni. Da ya fito bai kwana a gidan ba, ya kwashi matarsa da ɗansa ya yi kudu. Yakan aiko da atamfa da sabulu duk salla, bai taɓa fashi ba, amma ƙafarsa ba ta sake taka zauren nan ba, har aka aiko mini da rasuwarsa. Mutumin Sabon Gari kuwa ko sammaci ba a kai masa ba, na ji daga baya ma ya gina otal nasa na kansa. Gauraki suka ci gaba da yawo a gidajen masu hali. Bayan shekaru na je garinmu ta'aziyya, na kwana uku, kullum ina farkawa kafin asuba in kasa kunne. Ladan kawai na ji. Na tambayi yaran gidan, suka ce sun san sunan tsuntsun.

Amma bari in koma washegarin ranar, don a nan abin ya ƙare mini.

Da gari ya waye na share tsakar gida, na tara gashin fukafukai da ƙyallaye na zuba a murhu. Na dama koko, na sayi ƙosai, na zuba a kwanon da ya fi so. Alhaji Babba ya ce zazzaɓi yake ji, ba ya iya fita. Matar ɗana ta kulle kanta a ɗaki, na yi sallama ba ta amsa ba. Na yafa mayafi na tafi caji ofis ni kaɗai.

Ɗan sandan da na tarar a bakin kanta ba na jiya ba ne, wani ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya ce, "Mama, wa kina nema?"

Na ce, "Wanda aka kawo jiya."

Ya ce, "Mutum da yawa an kawo jiya. Suna?"

Na ce, "Wani dogo, daga Fagge. Mai tsuntsaye."

Ya ce, "Mama, ni ban san dogo ba, ban san tsuntsu ba. Ba suna, ba abinci."

Na waiga ko zan ga wanda ya san mu ya faɗa a madadina. Babu kowa sai wasu mata biyu baƙi da wani mashayi yana barci a benci. Na tsaya da kwano a hannu, zafinsa na cin tafina. Sannan na buɗe baki na faɗa. Sunan ya fito da ƙyar, kamar ba da harshena ba.

Ya ce, "Ɗaga murya, Mama."

Na sake faɗa, da ƙarfi. Ɗakin da ake tsare waɗanda aka kama yana nan kusa, ƙofar ƙarfe ce kawai tsakaninmu. Na san ya ji. Karo na farko ke nan a duniya da ya ji sunansa a bakin uwarsa, kuma a gaban kantar 'yan sanda.

Ɗan sandan ya karɓi kwanon ya shiga. Bai daɗe ba ya dawo da shi, murfin ko motsawa bai yi ba. Ya ce, "Ya ce in gaya miki ba ya jin yunwa."

In gaya miki. Ni na koya masa wannan hanyar magana, ga shi ya mayar mini.

Abin da ranar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Kowa a gidan nan ya riƙe abin da aka ce ya riƙe. Alhaji ya riƙe karamcinsa, ma'aikaci ya riƙe dokarsa, ni na riƙe kunyata, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zagi wani. A tsakanin ladabinmu tsuntsaye suka mutu, ɗa kuma ya fita daga hannun uwarsa. Dokar da ke zuwa bayan an datse fiffike ba ta ceton komai, haka ma maganar da ke zuwa bayan an sa ankwa. In kana da abin faɗa wa naka, kira shi da sunansa a tsakar gida, tun buhun farko, ka faɗa masa ido cikin ido. In ka bari, za ka kira sunan, amma a inda ba za a amsa ba.

Na ɗauki kwanona na juyo gida. Hanyata ta bi ta bakin tasha. Jirgin Nguru ya shigo ke nan, 'yan dako na ta sauke kwandunan kifi suna lodawa a amalanke, a hankali, bibbiyu, kamar masu ɗaukar abin da ke da rai. Na tsaya na kalle su har kokon ya huce a hannuna, sannan na wuce.